Sunan da Iya Kulu Ta Ba Akwati

Har gobe ba zan manta da ranar da na ɗora akwatin ɗaukar murya a ka, na bi titin Koudoukou da shi zuwa ɗakin Iya Kulu ba. Damina ce, cikin shekarun nan na ƙarshe kafin Faransawa su naɗe tutarsu, lokacin ana kiran ƙasar nan Ubangi-Shari. Ku da kuke aikin ajiyar takardu yanzu kun sha tambayata yadda aka yi mace irina, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba, ta tsufa a tsakiyar takarda. To ga ɗaya daga cikin dalilan. Mai cin gyaɗa a cikinku ta fita da ita waje tukuna, ɓawonta ne ke gayyato ɓera.

A wancan lokaci ma'ajin ba nan yake ba. Wani tsohon siton auduga ne mai rufin kwano a bakin unguwar Kilomita Biyar, gwamnati ta karɓe shi ta jibge takardun da aka kwaso daga garuruwan daji. A sama akwai shugaban ofis, Bafaranshe, ba ma ganinsa sai ya zo faɗa. Ƙarƙashinsa akwai akawu, shi ne kuma tafinta, Malam Isa, Bakano. Sai masinja, sai mai gadi, sai ni a can ƙasa. Aikina yaƙi da gara da laima. Kowace kanta ƙafafunta na tsaye ne cikin gwangwanin kananzir, ni ke dubawa kada ya ƙafe. In gari ya yi haske sai na shimfiɗa tabarma a inuwa, ba a rana ba, don rana tana cinye tawada. Na kwance ɗauri, na kaɗe shi da fiffiken kaza, na juya shi ganye-ganye ya sha iska, sannan na mai da shi yadda na same shi, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Ba a lasar yatsa. Ba a liƙe abin da ya yage da ƙaro.

Wanda ya kafa mana waɗannan dokoki Bature ne, amma ba Bafaranshe ba. Daga wata ƙasa yake can ƙarshen arewacin Turai, Danmak, aka roƙo shi ya zo ya tsara tulin nan. Dogo ne, ya manyanta, yana tafiya sannu-sannu kamar mai gudun tada wani daga barci. Sunansa ya gagari bakin kowa, sai mutanen unguwa suka sa masa Mai Kundi, ya kuwa amsa.

Da rana tsaka, in zafin kwano ya kore mu zuwa gindin mangwaro, yakan ba da labarin ƙasarsu, Malam Isa yana juya mini. Ya ce ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ba tudu, ruwan teku ya yayyanka ta, daga wannan gari zuwa wancan sai da jirgin fito. Ya ce akwai watannin da rana take ƙin faɗuwa sosai, sama ta yini fari ta kwana fari-fari. Wannan kam ban gaskata ba, na ce wa Malam Isa ƙarin gishirinsa ne na Kanawa, shi kuma ya ce ai Badamagariya irina ko an nuna mata teku cewa za ta yi tabkin bayan gari ne. Mahaifin Mai Kundi mai fito ne. Shi kuwa ya fara aiki da ɗaukar kwalaye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ma'ajin garinsu, ya yi karatu, ya hau, har ya zama shi ne mai riƙe da makullin. Ya rubuta tarihin masu fito da masunta na yankinsu, mutanen da ya ce ba wanda ya taɓa damuwa da rubuta su. Da babban yaƙi ya zo, ya kwashe takardun garin a keken doki ya ɓoye su a rumbunan manoma, bayan yaƙi ya bi ya tattaro. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka yi nasu gidajen, sai ya amsa kiran da aka yi masa zuwa nan. In yana wannan labari idonsa ba ya kanmu, yana kan kogin da ba a hangowa daga wurin, ni kuma in riƙa ganin wannan farar sama tasu a raina, da jirage suna tafiya a kanta ba ƙara.

Banda tsara takardu yana da wani aiki na son ransa. Ya ce takardun gwamnati sun faɗi yawan goron da ya shigo da yawan fatar da ta fita, amma ba su faɗi yadda Hausawa suka tako har bakin kogin Ubangi ba. Saboda haka ya zo da akwati mai nauyi, mai faifai biyu da siririn zare ruwan ƙasa, wanda ke haddace magana ya maimaita ta. Ya zaga zauruka ya ɗauki tsofaffin fatake. Cikin gida kuwa ba ya shiguwa gare shi, ba ya shiguwa ga Malam Isa. Sai ya koya mini inda ake murɗawa da inda ake dannawa, da yadda ake ajiye abin maganar a kan matashi kusa da bakin mutum. Ni ke shiga, su suna zaure.

Iya Kulu tana zaune ne a gidan wani mai sayar da goro da ya riƙe ta saboda Allah, don mahaifinsa da mijinta ayari ɗaya suka taso. Ƙafafunta sun daina ɗaukarta, amma harshenta garas. Zuwana na farko ta ba akwati labarin hanya: yadda suka bar ƙasar Katsina, yadda suka yi damina a Garwa, yadda tsando ya ƙarar da jakuna bayan Ngaundere har mutane suka koma 'yan dako, yadda mijinta ya kwanta a wani zango bai tashi ba. Ta zo kan ɗanta sai muryarta ta sauya. Ba ta ce ɗana ba, cewa take yaron nan. Shi ne na farinta, shi kaɗai ya rayu, kowa Abba yake ce masa. Sun iso nan Bangi ya zama saurayi, yana kai gishiri da allura ƙauyukan bakin ruwa. Wata shekara ya sauka a wani ƙauye ranar da turugu, wato dogaran gwamnati, suka zo kwasar maza zuwa aikin layin dogo a can kudu. Lissafin da aka ɗora wa sarkin ƙauyen bai cika ba, ga baƙo zaune da kayansa. Aka cika da shi. Abokin tafiyarsa ya dawo mata da buhun gishiri da labarin jirgin ruwa da ya gangara da su. Shekara wajen talatin ke nan a lokacin.

Ta ce ba ta taɓa yi masa sadakar mamaci ba. In ta yi, alhali yana raye, ta binne shi da hannunta. In ba ta yi ba, alhali ya daɗe a ƙasa, ta bar shi ba guzuri. Ta ce ta gaji da tsayuwa tsakanin biyun nan, kuma ba ta son ta tafi a tsaye. Tunda an ce Baturen nan takardun gwamnati duk suna hannunsa, in tambaye shi ko akwai ta waɗanda aka tafi da su.

Na fito zaure na faɗa. Mai Kundi ya saurara da kansa a sunkuye, ya ce zai nema, amma nema yana da ƙa'ida. Yana son sunan ƙauyen, da kusan shekarar, da sunan uba, da sunan mutumin na gaskiya, don in namiji ya tsaya gaban hukuma sunan yanka yake bayarwa, ba na wasa ba. Ƙauye ta sani. Shekara muka kintata daga lokacin da masallaci ke da rufin ciyawa. Sunan uba maigidan ya faɗa, ya ji shi wurin mahaifinsa. Sunan Abba kuwa ba wanda ya sani. Sunan kakansa aka mai da masa, uban ubansa, shi ya sa ko ubansa Abba yake kiransa. Waɗanda suka halarci yankan ragon duk suna ƙarƙashin ƙasa a wani nesa. Saura mutum ɗaya a duniya, ita ce kwance a ɗaki. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. Kunya biyu a kan suna ɗaya.

Mai Kundi bai gane ba. Ya ce ai uwarsa ce, a tambaye ta. Malam Isa ya yi masa bayani da Faransanci har yana zufa, shi kuwa yana ganin abin kamar na 'yar nauyin baki ne da lallashi zai kawar. Ya ce in koma in gaya mata don amfanin ɗanta ne. Na san ba daidai ba ne, amma aike aike ne. Na durƙusa na faɗa. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"'Yar nan, ke ba mace ce ta goya ki ba?"

Ta juya fuskarta bango. Na naɗe kayana na fito.

Sai Malam Isa ya kawo dabara, Mai Kundi kuma ya yi murna da ita. Wai shi zai tsaya bayan katangar ɗakin ya riƙa jero sunaye, in ya zo kan na gaskiya ita ta gyaɗa kai kawai, ni in gani. Haka kuwa ya yi, ya tsaya cikin lungu da ƙafarsa a taɓo yana kiran Audu, Garba, Mamman, Haruna, kamar mai tallar kifi. Matan gidan suka toshe baki da gyale suna dariya. Iya Kulu ta ja zane ta rufe kanta tun sunan farko, daga cikin zanen ta ce a gaya wa mai kiran nan gyaɗa kai ma baki ne. Na leƙa ta kan katanga na ce masa, bawana, in ka gama tallar ka zo mu tafi, yau Kano ta ji kunya. Ya ce shi dai taimako ya zo yi, ba a taɓa gode wa Bakano a gidan Katsinawa ba. Mai Kundi bai yi dariya ba. Ya cire hularsa ya ce a ba ta haƙuri, shi ne ya yi kuskure, a ƙasarsu suna abu ne da ake kira da ƙarfi a ƙofar gida, bai san akwai inda ake riƙe shi a ciki ba.

Maganar ta kwanta. Aka yi makonni ana ruwa. Na ji labari tari ya kama Iya Kulu, abinci ma sai an matsa mata.

Akwai wata ƙa'ida tasa da ba ya tsallakewa: duk wanda aka ɗauki muryarsa, sai an koma an kunna masa ya ji, ya ce ya yarda, sannan a ajiye. In bai yarda ba a goge. Layi ya zo kan Iya Kulu, shi ne ranar da na faɗa muku da farko. An yi ruwa da safe ya ɗauke, titi yana tururi, masu turin amalanke suna kauce wa kwatami, mata 'yan bakin kogi sun jera gozo, tuwon rogonsu, a faranti. Akwatin yana kaina, ina jin faifan suna ɗan motsi a ciki kamar abu mai numfashi. Mai Kundi da Malam Isa suka tsaya zaure, na wuce.

Ta rame ƙwarai. Na gaishe ta, na ajiye akwatin, na kunna. Muryarta ta fito tana ba da labarin jakunan da suka mutu. Ta buɗe ido ta dubi ƙofa, ta dubi rufi, ta tambaye ni wace tsohuwa ce wannan mai surutu da ta san hanyarsu haka. Na ce ita ce. Ta ce a'a, ita ga ta nan bakinta rufe. Ta saurara har ƙarshe, wani wuri ta gyara wa muryar zance, wani wuri ta ce haka ne. Da zaren ya ƙare ta miƙa hannu ta shafa murfin.

"Shi wannan ba ya jin kunya?"

"Akwati ne, Iya."

"In na sa masa abu a ciki, ya je ya faɗa a wani wuri, ni na faɗa ko shi?"

Na ce wannan tambayar malamai ce, ni dai na san in yana magana bakinta a rufe yake. Ta ce in sa masa sabon zare, in murɗa shi, in fita, in ja ƙofa, in kuma kori matan gidan daga tsakar gida.

Na yi yadda ta ce. Matan suka shige ɗakunansu suna ƙunƙuni. Na zauna a kan turmi can nesa da ƙofar, na sa yatsu na toshe kunnuwana. In mutum ya toshe kunne yakan ji wani ruwa yana gudu a cikin kansa. Na zauna cikin wannan ruwa ina kallon ɗigon da ke sauka daga bakin kwano ɗaya bayan ɗaya, kowane da 'yar ranarsa a ciki. Inuwar gwanda ta tashi daga kan randa ta hau bango. Wata kaza ta zo ta tsaya gabana tana buɗe baki ba na jin komai. Na ga kamar gidan gaba ɗaya ya saki ƙasa yana gangarawa a hankali, da turamensa da igiyar shanya, zuwa kudu. Ban san iyakar zaman da na yi ba. Da na koma ɗakin zaren ya daɗe da ƙarewa, wutsiyarsa tana ta kaɗawa a kan faifai, ita kuwa tana kwance fuskarta a jiƙe, a sake, kamar wadda ta sauke kaya a zango.

Ta kafa sharaɗi. Baturen ya ji, shi kaɗai, don shi ba namu ba ne, ba surukin kowa ba ne. Kada Bakanon nan ya ji. Kada ni in ji. Kada kuma a kunna shi inda iska za ta kawo mata.

Da muka koma sito Mai Kundi ya fitar da mu baranda, ya sa abin saurare a kunnuwansa. Ina hango shi ta taga. Ya danna, faifan suka fara juyawa, ko numfashi uku bai yi ba ya ɗaga hannu ya tsayar. Ya zauna haka hannunsa a kan akwatin. Sannan ya cire zaren, ya naɗe shi a takarda mai kauri, ya ɗaure, ya ɗiga jan kakin zuma ya buga hatimi. Malam Isa ya tambaye shi ba zai ji sauran ba, ai zare guda ta cika, wataƙila da tarihi a ciki. Ya ce sunan shi ne abu na farko da ta faɗa, ba faɗarsa ta yi ba, kiransa ta yi. Abin da ya biyo baya kuwa, ko bai ji Hausa ba ya san uwa ce ke magana da ɗanta, wannan ba kayan ofis ba ne.

Sauran daminar nema muka yi. Ni ke sauko da ɗaurin yankin nan na bakin ruwa, in kaɗe, in shanya, shi ya bi ganye-ganye da gilashinsa. Wasu sun manne kamar waina, sai an bi su da bakin wuƙar ƙashi. Ya aika wa ma'ajin da ke kudu ta jirgi, aka jira, amsa ta zo. Abin da ya samu duka ganye ɗaya ne. An rubuta cewa a shekarar nan an ɗebi maza kaza daga ƙauyen nan, an sa su a jirgi, waɗanda suka isa ba su kai waɗanda suka tashi ba. Babu suna ko ɗaya, ba na Abba ba, ba na kowa ba. Ƙirga su aka yi.

Malam Isa mutum ne mai taushin zuciya, duk surutunsa. Ya ce tsohuwar nan kwanakinta kaɗan ne, a ce mata an gani, ya rasu tun shekarar farko da zazzaɓi, Musulmi sun yi masa sutura. Ta yi sadakarta ta huta. Wa zai cutu? Ya ce ai ko malamai sun yarda da ƙaryar da za ta gyara. Mai Kundi ya ce a ƙasarsu ma matan masunta sukan zo masa da irin wannan, mijin ya fita teku bai dawo ba, suna son layi ɗaya da zai ce ya nutse. Ya ce sau da yawa ya so ya ba su, hannunsa ya ƙi. Abin da babu a takarda ba ya iya cewa akwai. Sannan ya juyo ya dube ni, ya ce amma shi ba ya shiga cikin gida, ba ya jin abin da ake faɗa a can, Madam Delu, wato ni, ce mai shiga.

Na tafi ba akwati a kaina, amma ban taɓa jin nauyi a titin nan irin na ranar ba. Na shirya maganar Malam Isa tsaf a bakina, har da zazzaɓin, har da suturar. Na wuce masallaci tana bakina. Na shiga zaure tana bakina. Na durƙusa gabanta, ta ɗago idanun nan nata. Matar da ta karya kunyar shekara hamsin don ta ji gaskiya.

"Ya mutu?"

"Ba a samu ba, Iya."

Na gaya mata abin da ganyen ya ce, ban ƙara ba ban rage ba. Ƙauyen gaskiya ne, shekarar gaskiya ce, jirgin gaskiya ne. Wasu sun isa, wasu ba su isa ba. Ba a rubuta waye da waye ba. Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta tambaye ni su da yawa ne. Na ce da yawa. Ta ce duk ba suna? Na ce duk.

"Su ma da uwayensu," in ji ta.

Ta ce in kira mata uwargidan. Ta sa a jiƙa shinkafa, a nemo mai, ranar Juma'a a toya waina mai yawa, abin da ya rage mata na zannuwa a sayar a yi hidimar da kuɗin. Ta ce kada a tsaya kan Hausawa, a kai har wa matan nan masu gozo, don yawancin waɗanda ke cikin jirgin 'ya'yansu ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, liman ɗin unguwa ya zauna a zaure da jama'a, Mai Kundi yana gefe a takure a kan tabarma da dogayen ƙafafunsa. Liman ya aiko a tambayi sunan mamacin da za a yi wa addu'a. Na kai tambayar. Ta ce a ce masa na mutanen jirgin ne. Na ce har da Abba? Ta ce ita ba ta ce ya mutu ba, ba ta ce yana raye ba, takarda ma ba ta ce ba.

"Wanda ya riga mu a cikinsu, ta same shi. Wanda yake raye, Allah ya ba shi mai miƙa masa abinci a inda yake."

Haka liman ya yi addu'ar, aka shafa. Na fita da tire zuwa bakin titi. Wata tsohuwa mai gozo ta tambaye ni da Sango, yaren garin, sadakar mene ne ce, na gaya mata. Ta karɓa da hannu biyu, ba ta ci ba, ta ƙulle a bakin zane, ta ce singila, wato na gode, ta ce nata ƙanen ma jirgi ne ya tafi da shi.

Iya Kulu ta rasu farkon rani, da rana, tana cikin hira da matan gidan. Kafin Mai Kundi ya koma ƙasarsu ya buɗe sabon kwali ya rubuta sunan Abba na gaskiya a kai, da sunan ubansa, ya rubuta cewa daga bakin uwarsa aka samo, kuma ba a san ƙarshensa ba. Ya ajiye shi kusa da ganyen nan mai ƙirga. Ni na ɗaure shi. Ban taɓa cewa a karanta mini ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Mutane za su zo muku, ba don son takarda ba, don wani nasu da ya ɓace musu. Za ku ji tausayi, tausayin kuma zai so ya riƙe muku alƙalami. Ku ba su wurin zama, ku ba su ruwa, ku nema musu har ganyen ƙarshe. In gurbi kuka tarar, ku ce musu gurbi ne. Mai abin ya fi ku sanin abin da zai yi da shi.